Ruwan Allo a Tukunyar Baba Rao

Ranar wata Lahadi ce cikin watan Janairu, shekarar da na cika goma da haihuwa, da hantsi, aka kama ni a kan matakalar benenmu da ke unguwar Highbridge ta Bronx a Amurka, riƙe da kwanon silba cike da baƙin ruwa. Ƙanƙara ta kwanta a bakin taga, hitar ɗumama bene na ta ƙara kamar ana bugun ƙarfe, ni kuma na durƙusa gaban wata tukunya mai ɗan icce a ciki, na yi bisimilla ina tsiyaya ruwan a hankali. Sai na ji takun takalmi ya tsaya a bayana. Anti Mina ce, 'yar Baba Rao, maƙwabcinmu Ba'indiye na hawa na biyu, ta dawo daga aikinta na asibiti. Ta dubi kwanon, ta dubi iccen da ganyensa ya zube sai rassa tsirara, sannan ta ce da Turanci, ba da ƙarfi ba, "Ashe ke ce."

A lokacin muna zaune a hawa na uku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Kano ne, yana tuƙa tasi daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kuma falonmu ya koma makarantar allo. Akan ture kujeru jikin bango, a shimfiɗa tabarmi, yaran unguwa su hau bene da rigunan sanyi, 'yan Gana da 'yan Nijar da mu 'yan Nijeriya, kowa da allonsa da aka yi masa saƙo daga gida. Baba da kansa yake dafa tawada da ƙaro a wata tsohuwar tukunya da Umma ta hana a sake kai mata kicin, shi yake fere mana alƙalami, kuma idan an gama karatun Alƙur'ani yakan koya wa manyanmu rubutun Hausa da ajami, domin a cewarsa yaron da ya iya rubuta wa kakarsa wasiƙa da hannunsa bai ɓata ba. Mukan amsa masa da Turanci, shi kuma ya yi kamar bai ji ba har sai mun maimaita da Hausa. Sufan gidan, wato mai kula da benen, ya sha yi mana kashedi kan hayaniya da takalman da muke tarawa a bakin ƙofa, saboda haka kowa ya san makarantar tana tsaye ne bisa haƙurin maƙwabta.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ruwan wanke allo. Idan yaro ya haddace karatunsa yakan wanke allon a kwano, kuma wannan ruwan ya ɗauko ayoyi, ba a zuba shi a magudanar ƙazanta. A Kano, in ji Baba, gindin bishiya ake nema ko wani lungu mai tsarki. A Bronx kuwa gindin kowace bishiyar bakin titi karnuka sun riga mu zuwa. Don haka muke tara ruwan a galan, in ya cika Baba ya sa a bayan tasi ya kai can bakin kogi ya zuba inda ƙafa ba ta takawa. Juyewa a galan aikina ne, ni ce babba. A sanyin shekarar nan Baba ya yi fama da ciwon baya, da ƙyar yake fita aiki, galan uku suka cika suka tsaya a bayan ƙofa, ni kuma na ji nauyin in tuna masa. Wata Asabar ina saukowa sai idona ya faɗa kan tukunyar nan da ke kan taga tsakanin hawa na biyu da na uku. Ƙasa ce mai kyau, babu kare, babu ƙafa, ga icce mai rai. Na yi murna har cikin raina, ina ganin na sauke wa Baba nauyi, kuma na yi wa iccen gata. Haka na yi ta zuba masa kwano bayan kwano, mako bayan mako, da ganyen ya fara yin rawaya sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara.

Ban san cewa iccen na marigayiya matar Baba Rao ba ne. Ganyen kori ne, wanda suke sawa a miya, ita ta raine shi tun yana ɗan tsiro, kuma an ajiye shi a matakala ne saboda tagoginsu bango suke kallo, rana ba ta shiga. Kafin la'asar Anti Mina ta rubuta takarda zuwa ga masu gidan, cewa ana tara yara a hawa na uku ba da izini ba, suna ɓata kayan mutane. Ta hau ta nuna wa Baba takardar da hannunta, don kada ya ce an yi masa a ɓoye. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina kamar ranar ba. Bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Ya ce da Umma ba sai takarda ta je ko'ina ba, shi da kansa zai sallami yara, domin karatun da ya cuci maƙwabci ba shi da albarka. Na shiga ɗaki na ga allona jingine da bango, saura mini kaɗan in kai izu goma, na zauna na yi kukan da ba sauti.

Baba Rao tsoho ne siriri mai farin gashi, kullum cikin rigar sanyi mai ruwan toka. Kafin ya biyo 'yarsa Amurka ya yi shekaru masu yawa a wata babbar kotu a ƙasarsu, yana zaune ƙasa da alƙalai yana rubuta abin da suka yanke. Falonsa cike yake da manyan littattafan hukunce-hukuncen kotunan Indiya, kuma ya saƙala musu zare kala uku: ja ga shari'ar laifuka, kore ga rikicin haƙƙi tsakanin mutane, rawaya ga gardamar haraji da hukuma. Mu yara mun san shi da alewar madara da kuma tambayar da yake yi idan ya tarar muna faɗa a matakala: "Ɗayan fa, an ji ta bakinsa?" Da yammar wannan Lahadin ya hau bene a hankali, yana dafa ƙarfen matakala, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Baba ya fara ba shi haƙuri, yana gaya masa ya riga ya yanke shawarar rufe makaranta. Tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce a duk zamansa a kotu bai taɓa buga hukunci kafin a saurari wanda ake tuhuma ba, kuma wadda ake tuhuma a nan ba Malam ba ce. Ya ce shi mai icce ne, ba zai yi alƙalanci a kan kayansa ba, Malam kuma uba ne, shi ma bai cancanta ba, sai a nemo wanda ba ruwansa.

Aka nemo Hajiya Adiza ta hawa na ɗaya, 'yar zangon Kumasi, mai dafa shinkafa da wake tana kai wa direbobi, wadda ba ta da yaro a makarantarmu kuma ba ta jin tsoron kowa. Asabar mai zuwa bayan azahar muka taru a falon Baba Rao. Ya ba ta kujerarsa mai hannu, shi ya koma gefe gaban tsohuwar tafiretarsa. Hajiya ta gyara mayafi, ta ɓare goro, ta dubi mahaifina da ke zaune a ƙaramar kujera, ta ce, "Malam, yau dai kai ne a ƙasa. Kullum kai kake tambayan yara, yau a bar mini." Baba ya yi murmushin dole. Baba Rao ya bayyana mata cewa aikinta na farko shi ne ta gane wane zare ne ya dace da maganar, ja ko kore, domin a kotunansu akan duba ko mutum ya yi nufin ɓarna, ko kuwa ɓarnar ce ta faru ba da nufinsa ba. Baba ya ɗago kai ya ce ai wannan ita ce niyya, mu ma da ita ake fara komai. Suka ɗan shagala da wannan zancen, kowa yana jin daɗin abin da ɗayan ya sani, har Hajiya ta ce tana da tukunya a wuta.

Anti Mina ta fara magana. Ta faɗi yadda ta ga ƙasar ta yi baƙi tana wari, da yadda mahaifinta yake tsayawa gaban iccen kowace safiya yana kallonsa. Muryarta ta karye da ta ambaci mahaifiyarta. Sannan aka ce in tashi. Na rasa da wane harshe zan fara, na yi ta haɗa Hausa da Turanci. Na faɗi maganar galan da ciwon bayan Baba. Anti Mina ta tambaye ni me ya hana in juye a wurin wanke-wanke kamar kowane ruwan datti. Na ce ba ruwan datti ba ne, sunan Allah ne a ciki, ba a haɗa shi da ƙazanta, kuma a duk benen nan tukunyar ce kaɗai ƙasa mai tsarki da na gani.

Tafireta ta tsaya. Baba Rao ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya dubi 'yarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Bayan wani lokaci ya ce matarsa ma, idan ta gama ibadarta ta safe, ruwan da ta yi amfani da shi ba ta yarda a zuba a magudana ba. Da suka zo ƙasar nan ta rasa inda za ta kai shi, kuma a cikin wannan tukunyar take zubawa, sai dai ita ɗan ƙaramin kofi ne, ba kwanon yara goma sha biyu ba. Hajiya ta yi dariya har ta share ido. Anti Mina ma ta yi, tana hawaye.

Hukuncin Hajiya bai yi tsawo ba. Ta ce jan zare ba ya ciki, yarinya ba ta yi nufin cuta ba. Amma koren yana nan, domin na taɓa kayan mutane ban tambaya ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ganye. Don haka ni zan canza ƙasar da hannuna, ni zan kula da iccen, kuma ba zan ba shi ruwa ba sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe. Makaranta ba za a rufe ba, takarda kuma ta zauna a hannun Anti Mina har sanyi ya wuce a ga abin da Allah zai yi. Baba Rao ya tuna mata cewa saura rawayan zare. Ta ce wannan mai sauƙi ne, ranar da iccen ya yi ganye, alƙali yana da cikin hannu guda don miyarsa.

Washegari muka shimfiɗa jarida a matakala, ni da Baba Rao, muka zaro iccen. Saiwoyi da yawa sun ruɓe, ya nuna mini yadda zan yanke su da almakashi in bar farare. Bai yi mini alƙawarin zai rayu ba. Tun daga nan kowace safiya kafin in tafi boko sai na tsaya na tura yatsa a ƙasa, na karanta abin da na iya, na wuce. Fabrairu ya wuce iccen yana tsaye kamar sandar da aka kafa. Maris ma haka. Yara suka sa mini suna mai gadin kara. A tsakanin nan Baba Rao ya sa aka hau mana da wani babban bokiti cike da ƙasa zalla, aka ajiye a bayan tagarmu, ya ce wannan na ruwan allo ne, babu mai shi sai mu.

Wata safiya cikin Afrilu na durƙusa kamar kullum, sai na ga wani ɗan kore kamar ƙwayar gero a jikin reshe na ƙasa. Ban taɓa shi ba. Na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar hawa na biyu, tsohon ya fito da silifa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in kira alƙali. Da yammar ranar Anti Mina ta hau ta miƙa wa Baba takardarta, ba ta ko liƙe ambulan ba. Baba ya juya bayan takardar, ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta hukuncin Hajiya da ajami tun daga farko har zuwa harajin ganye, ya haɗa da wanda Baba Rao ya buga da tafireta. A falon nan na sauke Alƙur'ani bayan shekara huɗu, kuma Baba Rao ya hau ya ci shinkafar walima.

Yanzu ina zaune a St. George, ina tsallaka ruwa a jirgin fito kullum zuwa aiki. Baba da Hajiya sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinsu, Baba Rao ma ya daɗe da rasuwa, kuma ban san inda littattafansa masu zare suka tafi ba. 'Ya'yana a waya suke bitar karatunsu, da sun gama su shafa da yatsa, babu ruwan da za a rasa inda za a kai. Maƙwabtana na yanzu idan abu ya dame su ofis suke rubuta wa, sau da yawa ban ma san fuskar mai ƙorafin ba. Amma takardun nan biyu suna cikin akwatina, kuma a tagar kicin akwai ɗan iccen kori da Anti Mina ta cire mini daga gindin na mahaifiyarta. Kwanan baya na sa an aiko wa ƙaramar 'yata allo daga Kano, na sayi bokiti na cika shi da ƙasa. Har yau ba na ba iccen ruwa sai na tura yatsa, kuma ba na yanke wa yarana hukunci sai na ji ta bakin ɗayan.