Ƙofar Brenda

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar mashayar Terry da yammacin Lahadi ya san Brenda Haigh, ko yana so ko ba ya so. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin sama, inda ƙungiyar waƙoƙin gargajiya ke taruwa, gwangwanin biskit a cinya, tabarau a karan hanci. Fam biyar ne, ko kai waye. In kuma ka tarar an fara waƙa, sai ka tsaya waje har a sauke. Ta taɓa shanya faston unguwa a matakala da jiƙaƙƙen kwat, waƙar kuwa irin mai dogon zangon nan ce.

Tun tana aiki a masaƙar ulu take riƙe da ƙofar. Masaƙa ta rufe, mijinta ya rasu, ita tana nan. Har gobe akwai marasa kunyar da ke ce mata mai son kuɗi, alhali ko sisi ba ya shiga jakarta. Man motar baƙon mawaƙi ne da ɗumama ɗaki. Mawaƙin ma a gidanta yake kwana, ta soya masa ƙwai da safe.

Terry ne ya kawo shawarar a sauko ƙasa, a daina karɓar kuɗi, wai waƙar kakanni ta kowa ce. Giyarsa dai yake son sayarwa, kowa ya sani. 'Yan ƙungiya suka yarda, Brenda ta ajiye gwangwani ta zauna kamar baƙuwa.

An cika, ba ƙarya. A ranar, Wilf Ackroyd ne zai yi waƙa, tsohon makiyayi da ya haura tamanin. Waƙa zalla yake yi ba kiɗa, ido a rufe, tafin hannu a kunne. Waƙoƙin askin tumaki da ya ɗauka daga bakin kakarsa babu mai su sai shi, muryar kuma ta sirance. Ya fara ke nan aka ci ƙwallo a talabijin, wuri ya kaure. Wannan na neman canji, wancan na dariya. Wilf ya kai tsakiyar baiti, ya buɗe ido, ya ɗauki hularsa. Ya ce wa Brenda shi ya gama, tumakinsa ma sun fi waɗannan kasa kunne.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo, ba Wilf. Brenda ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta karɓi makullin sama a hannun Terry a gaban masu sayen giyarsa, sannan ta hau bas zuwa gonar tsohon.

"Baba Wilf, shirya. An koma sama."

"'Yar nan, wa zai ba da fam biyar don ya ji tsohon rago na kuka?"

"Wanda ya biya shi ke kama bakinsa. Kai ma biya za ka yi, kada ka ɗauka furfura za ta cece ka."

Ya yi dariya har da tari, ya kira ta 'yar fashi.

Ran Lahadi sai ga Wilf. Ɗakin bai cika ba, amma waɗanda suka zo, jin waƙa ya kawo su. Har jan numfashinsa ana ji tsakanin baituka. Can sai ga takun mutum a matakala, Terry ne da faranti cike da kofuna. Brenda ta tokare ƙofa da takalminta. Nan ya tsaya, hannu na sagewa, har Wilf ya sauke. Da ta buɗe, gwangwani ta fara miƙa masa.

"Gidana ne fa, Brenda."

"Ƙofata ce."

Ya lalubo kuɗi yana ƙunƙuni, ya samu kujera a baya. Wilf ya kurɓi ruwa, ya ce akwai wata da bai taɓa fitarwa ba, ta tunkiyar da ta ɓace a ƙanƙara, in akwai mai son koya to ya buɗe kunne. Mata biyu suka jawo kujerunsu gaba. Brenda ta rufe ƙofa a hankali.