Ranar da Auta Ta Raba Teku Gida Biyu

Duk wanda ya ce maka Auta ta karanci teku don tana son teku, bai san ta ba. Kawunta take hari, jami'a kuwa hanya ce kawai.

Tana 'yar makaranta jirgin kamun kifin Kawu ya kife. Yayanta na cikin jirgin, shi ke kula da injin. Aka tsamo Kawu rungume da katako, Yaya kuwa ko gawarsa ba a gani ba. A zaman makoki Kawu ya yi ta nanata magana ɗaya, wai ruwan ne ya juya a ƙarƙashinsu, ya ja su inda bai taɓa ja ba. Alhali Auta da kunnenta ta sha jin Yaya yana ƙorafin injin ya tsufa, Kawu ya ƙi canzawa. Tun daga ranar ta ƙullace shi, ta yanke gaisuwa. In ya zo ganin ƙanwarsa, wato Innarta, sai ta fice ta ƙofar baya. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi lallashi, ina! Yarinya ta riga ta ci alwashin sai ta ƙaryata shi.

Ta girma, ta sami aiki a wata cibiyar binciken teku, a ofis mai ɗan karen sanyi da labulen da ba a ɗagawa. Tauraron ɗan Adam na aiko da taswirar yadda ruwan teku ke tafiya kowace rana, shekara da shekaru. Ita kuma ta zuba su cikin manhajar da ke koyo da kanta, manhajar ta ware ranakun tuli-tuli, masu kama da juna wuri ɗaya, kamar mai tsince wake. Abin da mutum ke gaya mata kawai shi ne tuli nawa za ta yi. Abokan aiki har tsokanar Auta suke wai ta auri kwamfuta ba ta gayyace su ba. Ko murmushi ba sa samu.

Da aikin ya nuna, ta zuba taswirorin gaɓar tekunsu, ta nemo ranar da Yaya ya nutse. So take ta gan ta cikin ranakun da ruwa ke kwance, ta je ta watsa wa Kawu a fuska. Sai ga ranar can gefe, a wani ɗan tuli na ranakun da ruwa ke juyowa baya ya yi ta kewayawa kusa da gaɓa, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi. Ashe tsohon gaskiya ya faɗa.

Baƙin ciki ya turnuƙe ta. Shekarun nan duka, a ce shi ne mai gaskiya? To injin fa? Ta rage yawan tulin, ranar ta ƙi motsi. Ta sake ragewa, tana nan daram. Daga ƙarshe ta ce wa manhajar ta yi tuli biyu tak. Komai ya cakuɗe, ƙananan tuli suka narke cikin manya, ranar Yaya ta faɗa cikin ranakun lafiya. Da ɗalibi ne ya kawo mata wannan shirme, wallahi da ta kore shi da shi. Ta buga shi a takarda, har da launi.

Ta sami Kawu a ɗakinsa yana zaune bakin gado, ya rame, ido ya soma dishewa.

"Kawu, ina wuni?"

"Auta? Ke ce yau a ɗakina? Shigo, 'yar nan, shigo!"

Ba ta zauna ba. Ta ɗora masa takardar a cinya. "Shuɗin nan ranakun da ruwa ke kwance ne. Ga ranarku a tsakiyarsu. Babu ruwan da ya juya."

Ta shirya wa musu, ta tanadi amsoshi masu zafi. Kawu ya kai takardar dab da idonsa ya daɗe yana dubawa, shi da bai san kan taswira ba.

"Na'urar ba ta kuskure?"

"Ba ta yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na sha tambayar kaina, ko tsoro ne ya sa na ga ruwan ya juya. Ashe injin ne. Ashe ni na kashe yaron nan." Ya dafa bango ya miƙe. "Kai ni wurin Innarki. Da bakina za ta ji."

Daɗi ya ratsa Auta, irin wanda ta yi rabin rayuwarta tana jira, tsoro na biye da shi. Kalma ɗaya ta isa ta zaunar da shi, ta kuma san kalmar. Ta riƙe masa hannu suka sauka matakala, ta buɗe masa ƙofar mota.