Ranar da Yaya Bello ya ɓuya a bayan rumbu

Aikin farko yau: kai 'yata Hauwa tashar Kalgo, ta koma makarantar koyon likitanci. Ban kai ta ba. Ta ce ba za ta koma ba, wai duk sanda malami ya yi mata tambaya a gaban 'yan aji, sai muryarta ta ɗauke.

Na taɓa ganin haka.

A shekarun casa'in yayana Bello ya zo hutu Gwandu daga karatun likita. Kafin hantsi zaurenmu ya cika da masu tari da masu ciwon baya, kowa na tambaya ina likita. Na same shi tsugune a bayan rumbu, gumi ya jiƙe masa riga.

"Yaya, mutane na jiranka."

"Sani, na yi karatun nan. Amma da sun zuba mini ido, sai komai ya gudu daga kaina."

Baba ya ce kunya ce irin ta ɗan gidan mutunci, har da alfaharinsa. Dama tun muna yara sunkuyar da kai ake yaba mana. Bello bai sake komawa makaranta ba, noma yake yi a Masama har yau.

Ɗazu saura kaɗan in ce wa Hauwa kunya ce, sai na haɗiye maganar. Jama'a, wanda ya san yadda ake taimakon irinsu, don Allah ya faɗa mini.

Gobe:
- kiran Yaya Bello
- neman likitan da ke duba irin wannan damuwa
- tasha, in ta yarda