Hutun da Na Riƙe Hannun 'Yar Farina

Makaranta abu biyu ta ba ni: iya rubuta sunana, da tabon lambar rigakafi a dantsen hagu. Ban gama elementare ba aka sallamo ni, wai kaina ya cika. Da rubuta sunan na samu aikin masinja a ofishin wani kamfanin sayen auduga a Funtua, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. Tabon kuwa ban san yana da rana ba sai a wani hutun Kirsimeti.

Aikin masinja gudu ne. Kana kan keke daga ofis zuwa tashar jirgi, daga tasha zuwa gidan waya, kafin ka jingine keken wani akawu ya sake kiranka, kuma yaro yake ce maka ko da ka girme shi. Sau ɗaya a shekara ake barina in zauna. In Kirsimeti ta zo Bature ya rufe ofis, akawunan kudu su shiga coci da shagalinsu, sai bayan sabuwar shekara a buɗe. Ba bikina ba ne, amma hutuna ne, kuma duk shekara shi nake jira.

Ƙauyenmu yana gefen Malumfashi. Gidan Maguzawa ne. Ni na kama salla a Funtua, Inna kuwa, mahaifiyata, tana nan kan hanyar iyayenta har ta mutu. Matata da 'ya'yana a hannunta suke, don ɗakin da nake haya ko akuya ba ya ɗauka. Lokacin nan na sanyi babu kamarsa a wurinmu. Dawa ta shiga rumbu, rake ya nuna a fadama, ba noma ba shuka. Niyyata ɗaya ce a shekarar nan: in zauna gaban wuta, in gasa dankali, kada kowa ya aike ni ko'ina.

Motar kasuwa ta sauke ni a Malumfashi, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na ji gidan bai yi mini ba. Hantsi ya yi, amma babu ƙarar daka. Karenmu bai fito ba. A bakin ƙofa an ja layi da toka, an gitta reshen ƙaya. Na tsallake. Inna ta tare ni tana murmushi, irin murmushin da ake yi wa mai karɓar haraji.

"Sannu da hanya, ɗan boko. Sauke murya. Muna da baƙi."

A wurinmu ba a kiran sunan agana a gidan da ta sauka. Ado ake cewa, ko a ce baƙi sun zo. Na tambaye ta a kan wa suka sauka. Ta ce a kan ƙawarta. Haka take kiran 'yata ta fari, wadda take riƙo tun da aka yaye ta.

Yaran yanzu ba za su gane ba, sai na faɗa. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta, ba a yi mata wasa. Kunya ce. Yarinyar nan ta fara famfara amma ban taɓa ɗora ta a cinya ba. In na zo hutu, tana hango ni sai ta shige bayan zanen Inna. Ita ma ba ta ce mini Baba. Mutumin Funtua take cewa, duk gidan a yi dariya.

Na ce zan kai ta asibiti yanzu yanzu, ko a kafaɗa ne. Inna ta zaunar da ni a ƙasa kamar yaro. Ta ce in iskar sanyin nan ta buge ta a hanya ƙurajen za su koma ciki, in sun koma an gama. Ta ce wane direba zai ɗauki mai ado a motarsa. Ta kuma tuna mini bukkokin bayan gari inda aka ce duba-gari suna kai masu wannan ciwo, a ƙone shimfiɗarsu, a riƙa tura musu abinci da sanda. Ban taɓa ganin bukkokin da idona ba, ji nake yi, amma jin ya ishe ni. Fuskar Inna duk zanzana ce, ita ta sha ciwon tana budurwa ta tashi. Ƙanenta ya tashi shi ma, amma babu ido ko ɗaya. Na haƙura da maganar asibiti.

Sai ta jera mini dokokin baƙi. Ba a kuka, ba a faɗa, ba a ɗaga murya. Ba a suya da mai, ba a daka, ba a gudu a tsakar gida. Baƙin nan yara ne, in ji ta, masu saurin fushi, zaƙi suke so da sakin fuska. In an karɓe su da kyau su gama kwanakinsu su tafi. In an ɓata musu rai su tafi da wanda suka sauka a kansa. Matata da jaririnta an mai da su can ƙarshen gida, sai dai su leƙo daga bayan danga.

Ta ce in tuɓe riga. Ta danna tabon dantsena da babban yatsa.

"Wannan abin naku ya ci kuwa, ko shi ma ƙaryar boko ce?"

Na ce ya ci, har zazzaɓi na yi.

"To shiga. Hannuna ya tsufa, ba na iya riƙe ta. In ta sosa fuskar nan ta kai ido, kai ka sani."

Na ce, "Inna, 'yar fari ce fa."

"Kunyar ta jira ka a waje."

Ɗakin da ɗumi, wuta na ci a tsakiya. An shimfiɗa ta a kan yashi mai laushi da aka rufe da tsohon zane. Ban gane ta ba. Ƙuraje sun rufe fuska, sun rufe tafin hannu da tafin ƙafa, har cikin baki. Idanun sun kumbura sun manne. Akwai wani wari da ba zan kwatanta ba, wanda ya taɓa jinsa ya san shi. Ƙafafuna suka ce in juya. Na zauna, na kama wuyan hannayenta biyu, inda ƙurajen suka yi ɗan sauƙi. Ta tambaya wane ne. Inna ta ce mutumin Funtua ne. Sai jikin yarinyar ya ƙage, ta nemi inda za ta ɓuya, babu. Can ƙaiƙayi ya fi ƙarfin kunya, ta fara fizga, ni kuma na riƙe.

Haka hutun ya kasance. Na roƙi zama, na samu zama. Ba na tashi sai Inna ta karɓe ni in yi salla ko in kewaya. Tuwo ma a baki take sa mini, tana cewa ga masinjan Bature an mai da shi jariri. Dole in yi dariya, don baƙi suna kallo. Ni mutum ne mai saurin fushi, duk Funtua an sani. A ɗakin nan na koyi magana a hankali kamar mai lallashin kaza ta shiga akurki. Kowane numfashinta ina saurare. In ta yi shiru ya daɗe, sai in matsa hannun kaɗan har ta motsa.

Da yake ba ta gani, sai ta riƙa tambayata me ake yi a waje. Da farko na ce ba a komai. Ta ce ƙarya ne, tana jin abu yana kuka ƙiii. Na saurara. Injin matsar rake ne a fadama, wanda doki yake juyawa. A gidan nan aka haife ni, amma ban taɓa zama na ji shi ba. Na ce mata dokin wane ne, ja ne mai farin goshi, an rufe masa ido da tsumma yana zagayawa. Ta ce ashe shi ma ba ya gani. Daga nan kullum sai na ba ta labarin ranar. Rana ta shigo ta ƙofa ta kai bakin murhu. Yanzu ta hau tulu. Zabi sun sauka a kan rumbu. Iska ta kawo ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake dafa ruwan rake. Tsofaffi sun fito shan hantsi a jikin danga, sun lulluɓa da gwado. Abin da ban gani ba daga inda nake zaune, in ƙirƙira. Inna takan ajiye gutsuren mazarƙwaila a ƙoƙo a bakin ƙofa don baƙi, ta ɗiga wa yarinyar ruwanta a leɓe.

Ranar Kirsimeti, Kiristocin unguwar gaba suka fito da ganga suna bin gida gida, kamar yadda suke yi duk shekara. Tare da su akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da gishiri, wadda ta daɗe a wurinmu har 'ya'yanta ba su jin wani harshe sai Hausa. Kullum takan kawo wa Inna shinkafa da soyayyen nama. Na ji gangar tana matsowa. Yarinyar ta firgita ta fara fizga. Ba damar in yi ihu su tsaya, ba damar in saki hannu. Inna ta tashi ta fita, tafiya take kamar mai ɗauke da ruwa a faifai, don ba a gudu. Ina ji gangar ta zo daf da ƙofa, sai ta yanke a tsakiyar bugu. Inna ta ce matar na ganin toka ta juya da kwanonta, ta ce a gaida baƙi, ta kuma ce a garinsu ko tsintsiya ba a sa wa irin wannan gida. Na kwana biyu ina jiran duba-gari, ina cewa a raina matar ta kai magana. Ba wanda ya zo. Alewa ce ta zo, an ajiye a kan dutse a waje.

Kada wani ya ce na ce dokokin Inna magani ne. Gidan maƙwabcinmu ma baƙi sun sauka a kan 'yarsu, abokiyar wasan tawa. Duk abin da muka yi sun yi, har sun fi mu. Wata safiya, rana ba ta kai bakin murhu ba, na ji ana sara ƙasa a bayan dangarsu. Ƙasar rani ce, tauri gare ta, kowane sara sai ya shigo har ɗakin. Babu kuka ko ɗaya. Uwar tana can, na sani, tana sakin fuska don sauran 'ya'yanta.

"Mutumin Funtua, me ake haƙa?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi wuta.

Na ce, "Dankali."

"Babba ne?"

"Babba ne ƙwarai. Shi ya sa suka daɗe."

Ta ce tana so. Kwana da kwanaki ba ta nemi komai da bakinta ba. Inna ta ɗauko dankali a kwando ta tura cikin toka, ni ina riƙe da hannu ina jin sarar ƙasa, ina murmushi har muƙamuƙina ya yi ciwo. Da ya gasu aka murje shi da ruwan ɗumi. Ta haɗiye kaɗan da ƙyar, tana hawaye ta gefen idon da ya manne. Inna ta ce wannan ba kuka ba ne, ruwan ciwo ne, baƙi sun san bambanci. Ragowar ni na cinye. Shi ne dankalin da na zo ci tun daga Funtua, kuma na rantse ban taɓa cin mai zaƙinsa ba, ban kuma taɓa cin abu ina jin tsoro haka ba.

Sabuwar shekara ta wuce ban sani ba. Ƙurajen suka fara bushewa suna yin ɓawo, ƙaiƙayin ya ƙaru, hannayena suka sage har ba na iya dunƙule su. Saura ido. Kullum da hantsi Inna takan jiƙa audugar gonarmu a ruwan ɗumi ta goga a hankali, ni kuma in kau da kai, don ina tuna ƙanenta da sandarsa. Ranar da fatar ta rabu ban kau da kai ba. Na dama ya buɗe, ja wur, yana ƙifta wa hasken ƙofa. Na hagu ya buɗe da farin tabo a tsakiya, kuma da shi ya zauna har yau. Ta juya kai ta neme ni da mai kyaun. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe gemu gare ka?"

Inna ta yi dariyar da ba ta baƙi ba ce. Na saki hannun.

Da ɓawon ya gama zuba aka share tokar ƙofa, aka ƙone yashin da zanen, turmi ya sake magana a gidan. Na koma Funtua na tarar an ba wani kekena. Akawun ya ce hutu ba gado ba ne. Ban gaya masa dalili ba, mutumin da bai taɓa tambayar sunan garinmu ba. Bayan 'yan shekaru masu lamba suka bi ƙauyuka da wata bindigar allura, aka yi wa kowa, ciwon ya ɓace. Sun kyauta. Da sun zo da wuri da sun fi kyautawa.

Safiyar da zan bar gida, yarinyar tana zaune a bakin ƙofar Inna tana shan hantsi, fuskar duk rami rami, kan a aske. Na ɗaure kayana na zo wucewa. Ban san lokacin da na miƙa mata hannu ba. Ta dube shi da ido ɗayan, ta tashi ta shige bayan zanen Inna. Tsofaffin da ke jikin danga suka ce madalla, yarinya ta warke, kunyarta ta dawo. Inna ta ce in kama hanya kada motar kasuwa ta wuce ni. Na mai da hannun aljihu na tafi.