Ɗankwalin Malamin Lissafi

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da wata mata ta faɗo ofishina riƙe da yankakken gyale ba. Lokacin ina mataimakin shugaban wata sakandaren maza a Daura, ni ke kula da ladabtarwa. Tun daga Zango ta taso.

"Malam, dubi aikin ɗana! Wai irin ɗankwalin malaminsu zai ɗinka."

Tunde take nufi, ɗan bautar ƙasa daga Legas, mai koyar da lissafi. Kullum kansa ɗaure da wani baƙin ƙyalle mai santsi, jelarsa na lilo a ƙeya. A ƙa'idarmu, idan iyaye suka kawo ƙara, takardar tuhuma ake ba malami, idan abin ya yi tsanani a mayar da shi wurin waɗanda suka turo shi. Mu kuwa shekara biyu muka yi ba malamin lissafi kafin zuwansa.

Na rubuta takardar, na aika a kira shi.

"Tunde, namiji da ɗankwali?"

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, durag sunansa."

Da gurguwar Hausarsa ya ce daga baƙaƙen fatar Amurka abin ya samo asali. Zamanin bauta, mata ke ɗaure kai suna aikin gona cikin rana. Daga baya maza suka ɗauka don gashi ya kwanta ya yi layi-layi. Sai aka riƙa yi wa mai ɗaura shi kallon ɗan iska, a wasu wuraren har hana shi aka yi. Su kuma suka ƙi cirewa, ya zama abin alfaharinsu.

Ashe abin da aka yi musu nake shirin yi masa. Na tura takardar aljihun tebur.

Muka daidaita: zai riƙa ɗora hula a kai idan zai shiga aji, kuma ya ba ɗalibai tarihin a taron safe, da gargaɗin a ƙyale gyalen iyaye mata. Matar ta koma gida tana dariya.

Washegari Tunde ya kawo mini durag sabo fil, kyauta. Na cire hula in gwada, ya ga sanƙona na ƙyalli, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan sai dai addu'a."

Tun ranar, duk wanda aka kawo ƙararsa, sai na ji abin da ke bakinsa kafin in taɓa biro.