Albarka Rariya da Kalmar "Tsakaninmu"

Duk wanda ya bi hanyar Gwandu zuwa Kalgo wajen shekarar 1955 ya san Albarka. In bai san fuskarsa ba ya san kukan kekensa, don keken kan riga shi yin sallama. Ɗan koli ne mai allura da zare da ashana da madubi. Ya ɗan taɓa elementare ya gudo. Shi da bakinsa yake cewa boko ya shiga kansa ta kunnen dama, ya yi sallama bai tarar da kowa ba, ya fice ta hagu.

Kolin suna ne kawai. Abin da ya fi ɗauka saƙon baki ne, don a lokacin mai rubuta wasiƙa tsada gare shi, mai karantawa kuma sai an je nema. To, mutanenmu ba su iya ba da saƙo tsurarsa ba. Sai sun haɗa da mita, da gori, da tarihin kakan wanda za a kai wa. Farkon fara sana'ar, Albarka ya kai wa wata mata a Ceberu saƙon surukarta cif, bai rage ko wasali ba. Ta saurara har ƙarshe, ta gode, sannan ta sauke masa muciya a tsakar ka.

Wannan muciyar, in ji shi, ita ce babbar makarantar da ya gama. Daga ranar ya kafa wa masu aikensa doka. In mutum zai yi ɗan gajeren tsegumi, ya fara da cewa "tsakaninmu", shi kuma Albarka ya zubar da duk abin da ya biyo baya har mai magana ya ja numfashi. In tsegumin mai tsawo ne, a ce masa "toshe kunnenka", in an gama a ce "buɗe". Abin da ke tsakiya ba ya hawa keke. Sauran tsabar zance shi zai kai. Nan ya samo sunan Rariya, kuma sunan ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya kan ce shi kaɗai ne rariyar da ke tafiya da ƙafa biyu.

Dokar ba ta rasa tangarɗa ba. Wani dattijo a Malisa ya taɓa cewa "toshe kunnenka", ya manta bai ce "buɗe" ba har ya gama. Albarka ya tuƙa keke har Wurogauri, ya tsaya gaban ƙanen dattijon, ya ce, "Yayanka ya ce a gaishe ka." Ke nan. Ashe gayyatar suna ce.

Manyan masu aikensa gwaggonninsa ne biyu, ƙannen mahaifinsa: Gwaggo Kubura a Gwandu, da ƙanwarta Gwaggo Rabi da ke aure a Kalgo. Shekara da shekaru ba su haɗu ba, a kan dutsen niƙan uwarsu da Rabi ta ɗauke bayan rasuwarta. Amma kowane zuwa sai sun aika wa juna. Kubura kan buɗe baki ta yi ruwan zagi, Albarka ya tace, ya isa Kalgo da "Ta ce yaya yara." Rabi ta mayar da nata, ya tace, ya dawo da "Ta ce lafiya lau." Yana alfahari da cewa ba don shi ba da tuni zumunci ya ƙone.

Ana nan sai Rabi ta shirya tafiya Makka tare da mijinta, ta ƙasa. Tafiya ce ta shekaru, wasu su dawo, wasu labarinsu ne ke dawowa. Ta kira Albarka, ba tsegumi ba komai, ta ce, "Ka ce wa Yaya na roƙe ta gahwara. Ba ni son in bar ƙasar nan da nauyinta a kaina."

Ya sami Kubura tana sussukar gero. Da ya faɗa mata, ta dogara taɓarya da bango.

"Toshe kunnenka," in ji ta. Ta zagi Rabi tun daga goyo. Ta ce mai ƙafar agwagwa ina za ta kai Makka, ita da ko kasuwar Kalgo sai ta huta sau uku. Ta ce ɓarauniyar dutse. Sannan ta ce, "Buɗe. Ka ce ta riƙa jiƙa kanwa tana sha saboda cikinta." Ta share ido da gefen zane. "Tsakaninmu babu komi sai alheri, na yahe mata duniya da lahira."

Albarka ya ji kalmar farko, rariya ta yi aikinta. Har yana yaba wa kansa a hanya, wai ga tsohuwa ta yi laushi amma kunya ta hana a sani, shi kuwa ba mai tona asirin gwaggonsa ba ne.

A Kalgo ya tarar an ɗaure kaya. Rabi ta taso da sauri. "Mi tac ce?"

"Ta ce ki riƙa shan kanwa saboda cikinki."

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Rabi ta sunkuyar da kai. Ta ce, "To. Allah shi kyauta." Ta gaya masa jibi za su taka zuwa Jega su jira mota, ta koma ɗaki ba ta ko ba shi ruwa ba.

Da ya dawo Gwandu, Kubura ta tare shi tun daga zaure. "Ta yi kuka?"

"A kan kanwa?"

"A kan yahiya, ɗan nema!"

"Ai Gwaggo, cewa kika yi tsakaninmu."

Kubura ta dafe ƙirji. "Tsakanina da ita! Ni da ƙanwata! Kai mi ke tsakanina da kai in ba wahala ba? Wanga yaro, da kai da jakin maƙwabcinmu Malam Isa ban san wa ya hi wani ba!"

Albarka ya ce shi ya sani, jakin ne, don jaki ko me aka ɗora masa yakan kai. Bai jira taɓarya ta iso ba, ya haye keke ya nufi Jega.

Hanya ta gwada masa halinta. Taya ta yi faci, ya cusa mata ciyawa ya ci gaba. Kolinsa na zuba yana ji, bai waiwaya ba. Ya kan ce a ranar matan ƙauyukan hanya sun tsinci allurar da za ta kai su jikoki. Abin da ke cin ransa guda ne: in motar ta riga shi tashi, Rabi za ta tafi da zaton 'yar'uwarta ta hana ta gafara, kuma ba keken da zai kai gyara Makka.

Ya iske motar ana ɗora mata kaya, Rabi na zaune kan ƙunshinta. Ya faɗo daga keke yana haki.

"Gwaggo, ta ce ta yafe miki duniya da lahira!"

Rabi ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙarya kake. Tausayina ka ji ka ƙago. Yaya ba ta magana haka, salin-alin kamar malamin asibiti."

Ya rantse, ta ƙi. Direba ya fara kiran mutane. Albarka ya duba dama da hagu ko akwai muciya kusa, ya ga babu, ya ce a ransa yau rariya ta yage. Ya gyara tsayuwa, ya riƙe ƙugu kamar Kubura, ya zazzage komai: ƙafar agwagwa, hutu uku kafin kasuwa, ɓarauniyar dutse, kanwa, har share ido da gefen zane, har yafiyar.

Rabi ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Wagga ita ce Yaya! Ashe tana zagina duk shekarun nan?"

"Kullum, Gwaggo. Ba fashi."

"Kai kuma kana kawo min 'yaya yara'! Ni ina can ina cewa ta cire ni daga ranta, tunda ko zagi ta daina yi min." Ta kai masa rankwashi. "Ka ce wa mai bakin tsiyar nan na ji, ni ma na yahe. Dutse yana gindin rumbu a Kalgo, kai za ka kai mata. Kuma tsakaninmu..."

"Wane tsakanin, Gwaggo? Ni da ke, ko ke da ita?"

"Kai dai kai mata duka!"

Ya kai duka, har da dutsen, wanda ya lanƙwasa masa ƙafar keke ta baya. Kubura ta sa ya maimaita mata "mai bakin tsiya" sau biyu, tana murmushi. Albarka bai bar tace saƙo ba, don muciya ba ta ƙare a ƙasar ba. Sai dai tun daga ranar, duk wanda ya ce masa "tsakaninmu", sai ya sauke ƙafa daga keke ya tambaya, "Ku wa?"