Ranar Da Na Buga Da Lasin Bulus

Wallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru, ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki na dawo Kaduna, bayan na zaga kulob shida a ƙananan rukuni ina buga lamba tara, kowanne ya sallame ni da yabo mai yawa da fatan alheri, gwiwata kuma ta fara yi mini wa'azi. Wani kulob na masaƙa a Kakuri ya karɓe ni, sai dai na iso an rufe rajista, kuma na san idan na zauna kakar wasan nan a benci, da shekara talatin da biyu a kaina, ba mai sake nemana.

Abokina Bulus ne ya kawo ni, ɗan Sabon Tasha, mai buga gefen hagu, wanda tun muna yara shi ke ɗago mini ƙwallo ina sa kai. Sati biyu da zuwana mota ta kaɗe shi a Gonin Gora. Muka binne shi, Asabar ga wasa, sai koci ya ja ni gefe ya nuna mini lasin Bulus, wato katinsa na shiga wasa, an ɓare hotonsa an manna nawa. Ya ce, "Kowa na yi, kuma shi ba zai kai mu ƙara ba." Na karɓa, Allah ya yafe mini.

Da la'asar muka jeru, rafali yana kiran suna yana duba fuska. Da ya kira Bulus na ce, "Ga ni," sai wata murya ta faɗa tare da ni, daidai bayan kunnena. Rafali ya leƙa bayana ya ce wa ke masa shaƙiyanci, alhali ni ne ƙarshen layi. Ana dab da tashi ƙwallo ta faɗo mini a hagu, ƙafar da duk rayuwata hawa bas kaɗai ta iya, sai na ga ta murɗa ƙwallon ta shige can kusurwa. Bugun Bulus ne sak. Mutane na ihu, ni sanyi nake ji.

Washegari mahaifiyarsa ta zo filin atisaye, don ta ji a rediyo wai ɗanta ya ci ƙwallo. Ta dube ni ta ce, "Kai ne, ɗana?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce jiya da hantsi tana tsintar shinkafa ta gan shi a bakin ƙofa, takalman ƙwallo rataye a wuyansa, ya ce an tare shi a hanya an ce ya koma, wai har yanzu sunansa na filin wasa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ka sakar mini shi ya tafi."

Na buɗe jakar koci a gabansa na ciro lasin na ba ta. Daga ranar ban sake buga wasa ba, kuma ko yanzu da nake koyarwa a Trikania, in ɗalibai suka tambayi yawan ƙwallayen da na ci, wannan ba na sa ta, don ban san mai ita ba.

Ku da ke buga wa ƙananan kulob, in an ba ku lasin wani, ku tambaya ko yana raye. In an ce ya rasu, don Allah ku bar masa sunansa.